Abin da Na Gani Daga Bencin Baya

Takardar ta iske ni a ofis ranar wata Litinin bayan azahar, ɗauke da sa hannun mataimakin shugaban jami'a mai kula da harkokin karatu. An sanya ni cikin kwamitin mutum bakwai da zai fitar da malami guda a karrama shi saboda ƙwarewa wajen koyar da darussan gama-gari, kuma ni aka ɗora wa riƙon alƙalamin kwamitin. Ban yi murna ba, ban kuma ɓoye wa shugaban sashenmu haka ba. Shi ne ya gaya mini dalilin da ya sa aka tuna da ni: na koyar da ɗaya daga cikin darussan tsawon shekara shida sa'ad da nake ƙaramin malami, sannan na daɗe da barin su, saboda haka na san ɗacin aikin amma ba na cikin masu zawarcin kyautar.

Darussan da ake magana a kai su ne waɗanda ɗalibai ke kira GST, waɗanda babu mai karɓar digiri a jami'ar Nijeriya sai ya ci su, ko likita zai zama ko lauya ko injiniya. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da shawarwarin Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ita ta fara shigo da wannan tsari, a lokacin da Ibadan ke bin salon Landan na tsare ɗalibi a kan fanni guda. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta mayar da shi wajibi a kan kowa. A manhajar da hukumar ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda ake kira CCMAS, ɗalibin aji ɗaya yana ɗaukar GST 111, wato sadarwa da Ingilishi, da GST 112 a kan al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. A aji biyu akwai falsafa da mandiƙi, a aji uku akwai zaman lafiya da sasanta rikici, ga kuma darussa biyu na koyon dogaro da kai ta hanyar kasuwanci. A kan takarda su ne ginshiƙin karatun. A aikace kuwa, kowa a cikinmu ya san cewa su ne kayan da ake ɗora wa wanda bai isa ya ce a'a ba. Ƙarin girma a jami'a maƙaloli yake ƙirgawa, musamman daga muƙamin babban malami zuwa sama, inda ake aika rubuce-rubucen mutum ga masana na waje su auna. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga murya a gaban ɗaruruwan yara ba shi da layin da zai rubuta wannan a takardar neman ƙarin girma.

A zamanmu na farko shugaban kwamiti, wani farfesa mai ƙarancin magana daga tsangayar ilimi, ya nemi kowa ya faɗi abin da yake ganin za a auna. Shawarar da ta fara zuwa ita ce a duba sakamakon jarrabawa, duk malamin da ɗalibansa suka fi cin nasara shi ne gwani. Ta yi daɗin ji domin alƙaluman suna nan a ajiye, ba sai an wahala ba. Wakiliyar sashen jarrabawa ce ta rushe ta cikin natsuwa. Ta tunatar da mu cewa yawancin waɗannan darussa da kwamfuta ake rubuta jarrabawarsu, tambayoyi ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu da ake ɗebowa daga rumbu guda, kuma rukunin da ya ƙunshi ɗaliban likitanci, waɗanda aka tace tun daga makin JAMB, zai fi wasu rukunoni maki ko da allo kawai aka ajiye musu a gaba. Ta ƙara da cewa makin gwaji na tsakiyar zango yana hannun malami, kuma idan muka ce yawan cin jarrabawa ne ma'auni, mun koya wa malamai sakin hannu ke nan. Shawara ta biyu, a bar ɗalibai su kaɗa ƙuri'a, ita ma ba ta kai labari ba, domin wanda ke koyar da mutum ɗari tara ya riga ya kayar da mai ɗari biyu tun kafin a fara ƙirga.

Sai da muka zauna sau uku kafin mu tsaya a kan abu huɗu: kundin da malami zai haɗa na aikinsa, ra'ayin ɗalibai, shaidar shugaban da yake aiki a ƙarƙashinsa, da kuma abin da 'yan kwamiti za su gani da idonsu a cikin aji. Wannan na ƙarshe muka ba wa kaso mafi girma, duk da cewa biyu daga cikinmu sun yi ƙorafi cewa zai ci lokaci. Ya kuwa ci. Kalandar karatu ba ta gama murmurewa daga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ba, zanguna a matse suke, kowa yana gudun ya kammala manhaja.

Mun fitar da sanarwa muka ba da mako uku kowa ya gabatar da kansa. Ranar da wa'adi ya cika, takarda biyu kacal na samu a cikin fayil. Na yi tsammanin sanarwar ce ba ta zaga ba, sai na bi ofis-ofis ina tambaya. Wani dattijon malami da ya shekara fiye da goma yana koyar da falsafa ya dube ni ya ce, "Dakta, yanzu ni zan zauna in rubuta cewa na fi abokan aikina? Ai yabon kai jahilci ne." Amsar da na yi ta samu ke nan da lafuzza daban-daban, kuma malamai mata sun fi kowa ja da baya. Mun kwafo tsarin da ya ginu a kan mutum ya tallata kansa, muka kawo shi wurin da ake ganin haka rashin kunya ne. Kwamiti ya sauya ƙa'ida: shugabannin sassa da abokan aiki da tsofaffin ɗalibai su kawo suna, mu kuma mu rubuta wa wanda aka ambata mu roƙe shi ya amince. Da haka muka sami sunaye goma sha huɗu, mutum goma sha ɗaya suka yarda.

Abin da muka nema a kundi ba shi da yawa: tsarin darasi na zango, samfurin tambayoyin gwaji, takardun ɗalibai goma da malamin ya gyara da hannunsa, da bayani na shafi biyu a kan abin da ya sauya a koyarwarsa cikin shekara uku da dalilin sauyin. Wasu sun kawo kundi mai kauri da bango mai sheƙi, cike da takardun shaidar halartar taruka, amma babu takardar ɗalibi ko ɗaya. Wannan rashi da kansa ya zama mana bayani, domin ya nuna cewa akwai azuzuwan koyon rubutu da ake gamawa ba tare da malami ya karanta jimla ɗaya da ɗalibi ya rubuta ba. Ban zargi kowa ba a raina. Na tuna shekarar da na kwana uku ina fama da tulin takardu har rubutu ya riƙa yi mini rawa a ido, daga bisani na koma tambayoyin zaɓi kamar yadda kowa ya yi.

Wajen jin ra'ayin ɗalibai mun yi tuntuɓe. Mun fara raba takardun tambaya ta hannun wakilan aji, sai ga amsoshi na dawowa da rubutun hannu iri ɗaya, yabo iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Mun zubar da su gaba ɗaya. A karo na biyu mun je da kanmu, mun nemi malamin ya fita, kuma ba mu tsaya ga 'yan ajin na yanzu ba, waɗanda makinsu ke hannun malamin. Mun nemo 'yan aji uku da aji huɗu da suka riga suka wuce, muka yi musu tambaya guda: wane abu ne ka koya a darasin wane da har yau kake amfani da shi? Mun kuma tambaya ko an taɓa ɗaure makin gwaji da sayen littafi ko takardun malami. A kan wannan tambaya suna biyu suka fita daga jerin, bayan mun ba kowannensu damar kare kansa a asirce. Ba mu rubuta dalilin a rahoton da ya fita fili ba, mun dai miƙa wa hukuma abin da muka samu.

Mutum biyar suka kai matakin ziyarar aji. A nan dole in ambaci abin da ya shafe ni: ɗaya daga cikinsu ni na duba aikinsa na digiri na biyu, kuma na halarci ɗaurin aurensa. Na sanar da kwamiti, aka cire ni daga ziyartarsa da ba shi maki, kuma duk lokacin da za a tattauna a kansa sai in ajiye alƙalami in fita baranda. Ya ji haushina na 'yan makonni, yana ganin na guje shi a ranar da yake buƙatata. Ga sauran huɗun, ƙa'idarmu ita ce mu sanar da malami cewa za mu zo cikin mako biyu masu zuwa ba tare da faɗin rana ba, mu zo mu biyu, sau biyu, mu zauna a benci na ƙarshe. Zaman bayan shawarar shugaban kwamiti ce. Ya ce layuka biyar na gaba za su koya ko wa aka kawo musu, wanda ke baya shi ne ma'aunin malami.

Na fara da malamin da sunansa ya fi kowa yawa a bakin ɗalibai, mai koyar da al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. Gwani ne na gaske. Ya ɗauko zance daga gumakan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa, ya biyo ta Borno a zamanin Mai Idris Alooma, ya leƙa Oyo da Benin, ya sauka a kan haɗe Kudu da Arewa a 1914, duk ba tare da ya dubi takarda ba, ɗaki yana ta dariya a inda ya so a yi dariya. Ni kaina na manta da abin da ya kawo ni. Amma abokiyar ziyarata ta taɓa ni ta nuna mini littafin yarinyar da ke gabanmu: kwanan wata ne kawai a saman shafin. Cikin sa'a biyu babu ɗalibin da ya yi tambaya, babu wanda aka tambaya, kuma da muka tare wasu a ƙofa muka nemi su faɗa mana abu ɗaya da suka fahimta, labarin barkwancin da ya bayar a tsakiya suka maimaita mana. Na koma gida da nauyin zuciya, domin irin koyarwar da na yi ke nan shekara shida, kuma ina alfahari da ita.

Ajin da ya sauya mini tunani na wata malama ce mai koyar da GST 111, ƙaramar malama wadda ko sunanta ban sani ba kafin wannan aiki. Ɗakin laccar ya cika har tagogi, fankoki ba sa juyawa, lasifikar da ke bango tana ƙara fiye da yadda take isar da magana. Ba ta tsaya a kan dandamali ba. Ta rubuta jimla ɗaya a allo da manyan baƙaƙe, ta ce kowa ya yage rabin takarda ya rubuta sakin layi guda a kanta cikin minti goma, sannan ya miƙa wa na kusa da shi ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da ke ɗauke da saƙon. Ita kuma tana zagawa tsakanin layukan benci, ta taho har inda muke, ta tsaya a kan wani yaro da ya kifa kai, ta karanta abin da ya rubuta, ta yi masa magana a hankali har ya sake ɗaukar biro. A ƙarshe ta karɓi takardun layuka huɗu kawai. Daga baya na gane cewa kowane mako layukan da take karɓa daban ne, tana da taswirar ɗakin a littafinta, ta yadda kafin zango ya ƙare ta karanta rubutun kowane ɗalibi aƙalla sau ɗaya.

Abin da ta yi da takardun makon da ya gabata shi ya fi burge ni. Ta zaɓo kura-kurai biyar da suka fi maimaituwa, ba ta ambaci sunan kowa ba, ta nuna daga ina kowanne ya taso. Ta ce wa masu jin Hausa kalmar "ji" a wurinsu tana ɗaukar jin sauti da jin wari da jin zafi da fahimtar harshe, alhali Ingilishi ya ware wa kowanne kalmarsa, haka nan "aro" yana aiki ga mai bayarwa da mai karɓa, shi ya sa suke haɗa kalmomin Ingilishi biyu, "borrow" da "lend". Sannan ta juya ga waɗanda harshensu bai bambanta namiji da mace a wakilin suna, irin su Yarbawa da Ibo, ta nuna musu dalilin da ya sa suke kiran mace da lamirin namiji idan suna sauri, kuskuren da Bahaushe ba ya cika yi. Ɗakin ya kaure da muhawara, kowa yana gwada abin a harshensu, har wani ɗan Tibi ya miƙe ya ba da nasa misalin. Yaron da ke kusa da ni, wanda bai san ko ni wane ne ba, ya ce wa abokinsa, "Ashe ba daƙiƙanci ba ne."

Wanda ya yi kankankan da ita shi ne malamin zaman lafiya da sasanta rikici, mutum mai muƙami kusa da farfesa. Ranar da muka je batun manoma da makiyaya yake yi, a ajin da akwai 'ya'yan ɓangarorin biyu, wasu ma sun rasa 'yan uwa. Ya raba su rukuni-rukuni a kan shari'ar gonar da shanu suka shiga bayan an nome burtali, ya sa ɗan manomi ya tsaya a matsayin arɗo, ɗan makiyayi ya tsaya a matsayin sarkin noma, wani kuma ya zama mai unguwa. Da murya ta fara tashi, wani ɗalibi ya jefa kalma mai zafi, bai tsawata ba, bai kuma wuce ta ba. Ya dakatar da wasan, ya nemi mai maganar ya sake faɗin buƙatarsa ba tare da ya siffanta kowa ba, ya jira shi har ya samu kalmomin. Na fita ina ganin ba a taɓa koyar da darasin nan da kyau haka a gabana ba.

A zaman yanke hukunci tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai maki biyu ba, kuma muka shafe kusan sa'a huɗu. Masu goyon bayansa suka ce aikinsa ya fi haɗari kuma ƙasa ta fi buƙatarsa. Masu goyon bayanta suka ce ajinsa bai kai sulusin nata ba, kuma 'yan aji uku ne da suka riga suka saba da jami'a, ita kuwa sababbin shiga take karɓa, wasu daga makarantun da ba a taɓa sa su rubuta shafi guda ba. Ana cikin haka wani daga cikinmu ya faɗi abin da na san yana zukatan wasu: "Ranka ya daɗe, yaya za a yi a kira yarinyar nan a gaban majalisar jami'a a bar wanda ya kusa zama farfesa yana zaune? Nata lokacin yana zuwa." Shugaban kwamiti ya yi shiru, sannan ya ce in karanto ƙa'idojin da muka sa wa hannu a zama na uku. Na karanta. Ya tambaya ko akwai inda aka ambaci muƙami ko shekaru. Babu. Ya ce to a koma ga tambayar da muka yi wa tsofaffin ɗalibai. A nan ne bambancin ya fito: nasa ɗaliban sun yabi halinsa da adalcinsa, nata kuwa sun riƙa ambaton abu takamaimai, yadda ake gina sakin layi, yadda ake taƙaita dogon rubutu, wata ma ta rubuta cewa da dabarar malamar take rubuta rahoton ɗakin gwaje-gwaje. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu da uku. Ina cikin huɗun, ko da yake har yau idan na tuna ajin burtalin nan sai in ji ban gama gamsuwa ba.

Rahotonmu ya je majalisar jami'a da shawarwari uku: a amince da sunanta, a ba malamin zaman lafiya takardar yabo ta musamman, kuma a riƙa ƙirga wannan karramawa a cikin makin ƙarin girma. An amince da biyun farko nan take. Ta ukun an miƙa ta ga kwamitin naɗe-naɗe da ƙarin girma domin nazari, kuma can take. Na kuma rubuta wa duk wanda ya shiga takara wasiƙa ta kansa, mai ɗauke da abin da muka gani na ƙarfi da na rauni, aikin da ya fi komai yi mini wuya, musamman wasiƙar gwanin tarihin nan. Ya zo ofishina da ita a hannu, ya ce bai yarda da rabin abin da ke ciki ba, domin a ganinsa wanda ya sa yaro ya ƙaunaci tarihin ƙasarsa ya gama aikinsa ko yaron bai rubuta komai ba. Mun yi sa'a guda muna jayayya, muka rabu kowa yana kan bakansa, amma da fara'a.

An karrama ta a ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai, aka ba ta allon yabo da takardar shaida da kwamfutar tafi-da-gidanka. Da shugaban jami'a ya tambaye ta a gefe ko akwai abin da take buƙata, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, makirufo marar waya, domin in riƙa jin kaina idan na je baya, da mataimaka biyu da za su taya ni karanta takardu." An sayo makirufon kafin zango ya ƙare. Batun mataimaka an ce a jira kasafin baɗi. Na leƙa ajinta makon jiya ba da sunan kwamiti ba, na same ta a tsakiyar layi na ashirin da wani abu, makirufon a hannu, ga batura biyu na ko-ta-kwana da ta saya da kuɗinta a cikin jakar alli.